Yau dai ya miƙa ƙwallon

Yau a filin atisaye na ga abin da na shekara ina jira. Cikin yaran da muke horarwa a zari-ruga, 'yan ƙasa da shekara 18, akwai wani mai gudu kamar barewa, amma in ƙwallo ta shiga hannunsa sai dai a ƙwace, ba ya ba kowa. Yau ya tsinke da gudu, mutum ɗaya ya rage tsakaninsa da layin cin maki. Sai ya bari mai tsaron ya taso masa, ya wurga wa abokinsa da ke baya ta hagu, shi kuma aka maka shi da ƙasa. Abokin ya tsallaka layin ya dangwarar da ƙwallon, maki 5. Yaron ya miƙe, laka har kunne, ya zare robar haƙoransa yana haki: "Koci, ka gani?"

Na gani mana, har usur na manta ban hura ba. Masu zaɓen 'yan wasan ƙasa ba gudu kaɗai suke kallo ba, masu gudu sun yi yawa. Suna duba wa zai kayar da mutum ta ƙasa da kafaɗa bai jawo kati ba, wa zai tashi ya koma layin tsaro a minti na 70 cikin 80, lokacin da ƙafa ta yi nauyi. Riguna 15 ne kacal kowace ƙungiya ke da su a fili. Yaron nan kam kayarwarsa da saura, yakan sa kai a gefen da bai dace ba, abin yana tsorata ni sosai. Duk da haka tun ɗazu nake lissafin shekarun da suka rage masa kafin zaɓen 'yan ƙasa da 20.