Yau koren allo ya fito a ajinmu

Laraba da dare. Yanzu na shigo gida, ƙurar hazo ta cika min ido tun daga PZ har Tudun Wada amma wallahi raina fes yake, bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni.

Satin da ya wuce wata ɗalibata ta ce Malam, su bankunan nan da kamfanonin jiragen sama da har yanzu suke riƙe da menfirem, wato manyan injinan kwamfuta irin na IBM, ta yaya yake magana da irin netwok ɗinmu na yau? Na ba ta amsa da baki amma na ga bata zauna mata ba. Shi ne na kwana biyu ina ɗora Hercules a tsohuwar kwamfutar ɗakin baya, manhaja ce ta kyauta da take kwaikwayon manyan injinan IBM, na zuba MVS 3.8j a ciki, tsohuwar manhajar da take tafiyar da menfirem, na ware ta a sabnet ɗinta daban, wato nata ɓangaren netwok, laftof ɗin yara a wani sabnet, rautar Cisco ɗinmu ta hannu, na'urar da take kai saƙo tsakanin netwok da netwok, tana tsakiya.

Ƙarfe goma muka gwada, shiru. Daga rauta in na yi wa kwamfutar fing, wato ɗan saƙon gwaji, tana amsawa, daga laftof ko motsi babu, ga an ɗauke wuta ga janareta yana ta shan mai. Kusan minti arba'in sannan na gano ashe ban sa wa kwamfutar getwe ba, saƙo yana isa wajenta amma bata san ƙofar da zata maido da amsa ba. Layi ɗaya na rubuta shikenan, x3270, manhajar da take kwaikwayon allon menfirem a laftof, ya buɗe ta ƙofa 3270, koren rubutu a kan baƙin allo, ajin ya ɗauki ihu, kai Malam!

Nan na tsaya na yi musu bayanin da ya fi min muhimmanci. A 1974 IBM ta fito da SNA, tsarin sadarwar injinanta, tsari ne irin na fada, menfirem shi ne sarki, komai sai ya bi ta gabansa, taminal kuwa allo ne da madannai kawai. A cikin ofis, kan netwok ɗin Token Ring, zirga-zirgar SNA da adireshin MAC, wato lambar jikin katin netwok, take tafiya, babu lambar IP da rauta take dubawa a jikinta, to rauta ta ina zata san inda zata kai? Ga kuma rashin haƙuri, in injin ya tura saƙo bai ji amsa a ɗan lokacin da aka yanka masa ba, zai maimaita 'yan sau, sai ya katse hulɗar gaba ɗaya, ma'aikaci yana tsakiyar aiki. Maganin da IBM ta kawo shi ne DLSw, an wallafa shi a 1993, aka daidaita shi a takardar ƙa'ida ta RFC 1795 a 1995. Rauta tana naɗe saƙon SNA cikin TCP, hanyar aika saƙo ta netwok ɗin yau, ta ƙofa 2065 ta miƙa wa 'yar uwarta a can nesa, amma abin da yake burge ni, rautar kusa ita take amsa wa injin nan take. Na ce musu kamar ka yi sallama a ƙofar gida ne, na zaure ya amsa maka ya ce yana zuwa, yaro ya ruga ciki kiran maigida, ai ba zaka juya ka tafi ba. Na ga ɗalibar nan ta gyaɗa kai tana rubutu. Na dai faɗa musu gaskiya mu ba DLSw muka yi ba, TN3270 ne, wato aika allon kai tsaye kan TCP, hanya mafi sauƙi, kuma daga baya akwai Enterprise Extender da yake ɗora SNA kan UDP, takwarar TCP.

Bayan azahar Kawu ya biyo karɓar wayarsa da aka yi masa gyara a shagon maƙwabcinmu, ya leƙo mu gaisa. Shi a banki ya yi aiki a Kaduna har ya yi ritaya. Yana ganin allon ya tsaya cak, ya ce ɗana ina ka samo wannan? Na ja masa kujera. Ya gyara tabarau, yatsansa da kansa ya tafi kan F3 don ya koma baya, ko tambaya bai yi ba. Shi ya tuna wa yaran abin da na manta, cewa irin wannan allo baya tura harafi ɗaya-ɗaya, sai ka cike shafin ka danna Enter sannan ya aika a dunƙule, shi ya sa ko layi yana jan ƙafa aiki yake tafiya. Ya kai rabin awa bai tashi ba, na aika aka kawo masa shayi.

Gobe in Allah ya kai mu zan buɗe Wireshark, manhajar leƙa zirga-zirgar netwok, su ga fakitin saƙon da idonsu, harafin A da suka sani 41 a lambobin haruffa na ASCII, a EBCDIC na menfirem C1 ne, ina so su nemo shi da kansu. Sai na biya gidan mai da sassafe, jarkar ta kusa ƙarewa.