Tuwon da nake taunawa

Yau a gidan suna aka ajiye mini tuwon shinkafa da miyar taushe. Na gutsuri 'yar loma, na zauna ina ta taunawa. Inna ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, tun yaushe ake tauna tuwo?" Kafin in ba ta amsa lomar ta tokare mini a ƙirji, yawu ya cika bakina, sai da na miƙe na ɗan zagaya tsakar gida kafin ta wuce. Tun da aka yi mini aikin ɗaure tumbi, wato tiyatar rage ƙiba, zoben da aka sa a samansa 'yar jaka kawai ya bari, loma kaɗan ta cika ta. Ga shi makon jiya likita ya ƙara ruwan gishiri a cikin zoben ta mashigin da ke ƙarƙashin fatar cikina, zoben ya ƙara matsewa.

Makonnin farko na kunu da romo ba su dame ni kamar yau ba. Inna ta ɗauke kwanon kusan a cike, ba ta ce komai ba, amma na ga fuskarta ta canza. Gobe in Allah ya kai mu zan je in yi mata bayani, don kada ta zaci girkinta nake ƙi.