Yaran zango a Zoo Road: abin da aiki da su ya koya mini

Duk wanda ya daɗe yana shiga da fita a ofisoshin 'yan fim da ke Zoo Road a Kano ya san akwai matasan da tun daga sallamarsu kake gane ba 'yan gari ba ne. Hausa suke yi, amma Hausar ta sha ruwan wani wuri. Wannan daga Zangon Kumasi, wancan daga Nima a Accra, wata daga Yawunde, wani kuma daga Sudan ko Jidda. Jikokin fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja, da jikokin mahajjatan da suka tafi Makka a ƙafa, suka yada zango a hanya har zangon ya zama gida. Finafinan Kano ne suka raine su, tun zamanin kaset. Shi ya sa idan ɗayansu ya tashi neman sana'ar fim ba ya waiwayar Legas, Kano yake dosa.

Aikina shirya lokeshan ne da kula da 'yan wasa a wani ƙaramin kamfani, don haka yawanci a hannuna suke fara sauka. Abin da aka saba yi musu, ana kuma ganin an taimaka, shi ne a ba su fitowa ɗaya ko biyu a matsayin baƙon da bai iya Hausa ba, a yi dariya a wuce. Yaro ya dawo masauki yana murna an gan shi a fim, alhali an rufe masa ƙofa ne, domin gobe ma wannan rawar kaɗai za a kira shi ya taka.

Na ga yadda ake iya kauce wa haka a wurin wata yarinya 'yar Kumasi. Hausar Gana ba ta cika bambanta namiji da mace ba, ga shi ƙa da ɗa ba sa fita yadda kunnen Bakano ya saba. Tana fara magana a gaban kyamara sai masu riƙe da fitila suka kwashe da dariya, ita kuwa ta daskare, ta ƙanƙame bakin mayafinta. Darakta ya ce a ɗauka haka nan, daga baya a ɗora mata muryar wata. Sai wata dattijuwa cikin masu fitowa a uwa ta jawo ta gefe ta ce, "'Yata, a gidanku haka kuke magana?" Ta ce, "Haka ne, Mama." Dattijuwar ta juya wurin darakta ta ce, "To Malam, ka mayar da ita amaryar da aka auro daga Kumasi mana. Ko ba a auro su ne?" Layi biyu aka gyara a rubutun. Yarinyar ta yi wasanta da harshenta, kuka da faɗa duka, kuma labarin ya ƙara armashi, don yanzu uwar miji ta sami abin gori na gaske, irin wanda ake yi a gidaje. Tun daga ranar nake roƙon marubuta su gyara labari ya karɓi ɗan wasa, maimakon a kankare masa asalinsa.

Wasu za su ce ai ƙofa a buɗe take, ga Hadiza Gabon da aka haifa a Libreville ta zama tauraruwa. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Sai dai nasarar mutum ɗaya ba ta nuna akwai hanyar da na baya za su bi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labaran da suke ɗauke da su, waɗanda ba mu tambaya. Bayan yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, wani saurayi ya zo mana yana neman ko da fitowar ɗan aike ce. Asalin danginsa 'yan Maiurno ne, garin da ke bakin kogin Nilu wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa tare da mabiyansa bayan yaƙin Burmi na 1903. Muna shan shayi wata rana bayan an tashi daga aiki sai ya shiga ba mu labarin kakarsa, wadda ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba amma kullum tana cewa idan ta mutu a gaya wa mutanen gida. Shi kuma ga shi ya zo gidan da take nufi, ana kiransa ɗan Sudan, kamar yadda can ake kiransu baƙi. Kowa a wurin ya ajiye kofinsa. Mun shekara muna juya labarin kishiya da gado, ga wannan a zaune kusa da mu yana neman fitowar ɗan aike!

Kuɗin fim ba mu da shi, don haka muka ce ya rubuta shi a wasan daɓe. Ba ƙasƙanci ba ne. Masana'antar nan kanta daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta tsiro. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990. Daɓe ba ya neman janareta ko hayar kyamara, kuma nan take kake ganin inda 'yan kallo suka gaji. A zauren wata makaranta aka yi, da tabarma biyu da buta da tsohuwar akwatin ƙarfe. Wurin da ya ɗauka zai sa mutane kuka bai motsa kowa ba, wurin da ya so cirewa kuma shi ya kama zukata. Ya koma ya sake rubutu.

Sai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa amma shi ke kare mutum: takarda. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da rajistarta, ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ma haka, kuma baƙo ba ya sanin wace ƙofa zai fara ƙwanƙwasawa. Ɗan Gana yana shigowa babu biza saboda ECOWAS, amma na kwana casa'in ne. Ɗan Sudan ba ya cikin wannan tsari. Yanzu da finafinai masu dogon zango suka koma YouTube, dole a rubuta tun farko wa ya mallaki labari, wa ya mallaki tasha, nawa za a biya kuma yaushe. Ɗan gari idan aka cuce shi yana da kawu da mai unguwa. Baƙo, musamman mace, ba ta da wanda za ta kai wa ƙara. Shi ya sa ba ma fara aiki da yarinya sai mun yi magana da iyayenta ta waya, mun kuma san a gidan wa za ta kwana.

Yawancinsu ba zama suka zo yi ba, za su koma. Wanda ya koma Kumasi da fuska kawai, ya koma hannu rabbana. Wanda ya zauna kusa da edita ya koyi haɗa hoto, ya koyi ɗaukar sauti mai tsabta, shi zai iya tara yaran unguwarsu su yi nasu. Don haka duk wanda ya zo mana sai ya yi zama a ɗakin edita, ko da wasa yake so. Mu ma muna ƙaruwa da su: 'yan Kamaru suna rubuta mana fassarar Faransanci a ƙasan fim, wadda ake buƙata idan ana son zuwa bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu, 'yan Sudan da Jidda kuma ta Larabci.

Wasan saurayin nan yanzu muna ƙoƙarin mayar da shi gajeren fim don bikin finafinai na KILAF da ake yi a nan Kano. Wani mai sauti ya yarda ya ba mu aron kayansa. Abin da ya rage shi ne tsohuwar da za ta fito a kakar. Ya dage sai mai Hausar Sudan, na kuma goyi bayansa, don haka muna ta cigiya a wurin dangin da suka dawo daga can.