Ranar da muka shiga Atomik a Kwabenya

Shekara da shekaru ina jin karen mota yana ƙwala "Atomik! Atomik!" a tashar Madina da ke Akra, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da ke bayan sunan ba. A wurin yawancinmu mutanen zango, Atomik mahaɗa ce kawai inda ake sauka a sauya mota. In an matsa, a tuna gobarar gidan gas ta watan Oktoban 2017, wadda ba abin da ya haɗa ta da nukiliya sai sunan wurin. Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Nima. Wata rana ɗalibata ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, da gaske ne Gana tana da tashar nukiliya? To me ya sa ake ɗauke mana wuta?" Na ba ta amsar da ke cikin littafi, amma raina bai kwanta ba. A makon nan muka rubuta wa Hukumar Makamashin Atom ta Gana da ke Kwabenya, wadda daga gare ta sunan Atomik ya samo asali, takardar neman izinin ziyara, bayan 'yan makonni aka sa mana rana.

Mu tara muka tafi: malamai uku, ɗalibai biyar, sai kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi fiye da shekara arba'in yana fataucin albasa tsakanin Galmi ta Nijar da Akra. Da ya ji labari ya ce ko da ƙafa ne sai ya je, don tun yana yaro yake jin an ce Nkrumah ya binne wani abu a Kwabenya. Muka sha koko da ƙosai bayan asuba, muka ɗauki shatar tiroto, wato ƙaramar motar haya. Ta wajen asibitin sojoji na 37 muka bi, muka wuce Legon, a mahaɗar Atomik muka karya hagu muka ratsa Haatso. Cunkoson safiya ya ci mana kusan awa guda.

Da shiga harabar sai hayaniya ta yanke. Bishiyoyi, ciyawa, dogayen hanyoyi, gine-gine nesa da juna. Aka duba takardarmu da katunan shaida, muka rubuta suna. Wanda aka haɗa mu da shi masanin fiziks ne, dattijo mai sanyin murya, kuma bai fara da na'ura ba, da tarihi ya fara. An kafa hukumar a 1963. Ranar 25 ga Nuwamban 1964 Kwame Nkrumah ya aza harsashin ginin riyakta, wato na'urar da ake fasa ƙwayoyin atom a cikinta, a wannan fili, da niyyar kawo na Tarayyar Sobiyet mai ƙarfin megawat 2. Juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966 ya tsayar da aikin. Sai da aka yi kusan shekara 30 kafin Gana ta samu nata, ƙirar ƙasar Sin, wanda aka kunna a ƙarshen 1994 aka buɗe a 1995. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe ba binnewa ya yi ba, shuka ya yi." Wannan gibin na shekara 30 ya tsaya mini a rai har muka isa ƙofar ginin.

Kafin shiga ɗakin riyaktan muka ajiye wayoyi da jakunkuna. Jagoran ya ciro ɗan ƙaramin abin da ke maƙale a ƙirjin rigarsa, bai kai kwalin ashana ba, ya ce shi ke lissafa yawan tiririn nukiliya da jikin ma'aikaci ya ɗauka, kuma ana karanta shi lokaci lokaci a rubuta. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta kama hannun malamarsu. Ni ma ƙirjina ya ɗan buga, don abin da muka girma da ji shi ne Hiroshima da Canobil da Fukushima.

Abin da muka tarar tafki ne na ruwa garai garai, kewaye da ƙarfen dafawa, a ɗaki mai tsabta kamar na tiyata. Babu hayaƙi, babu rugugi, ba wani wari. A cikin tafkin akwai doguwar tukunya ta alminiyom a rufe, can ƙasanta, ƙarƙashin ruwan da ya fi mita 4, zuciyar riyaktan take. Jagoran ya buɗe tafukansa biyu ya nuna mana girmanta: kimanin santimita 23 a tsaye, haka a faɗi. Tukunyar miyar gidanmu ta fi ta. A ciki an jera siraran sandunan yuraniyom, kuma sanda guda ɗaya tak ta kadmiyom ke riƙe da ragamar komai. In aka ɗaga ta, niyutron, wato 'yan mitsitsin ƙwayoyin da ke fitowa daga cikin atom, suka samu hanya, sai su riƙa fasa ƙwayoyin yuraniyom, kowace fashewa ta haifi zafi da wasu niyutron. In aka sauke ta, ta shanye su, wutar ta mutu. Ruwan kuma aiki uku yake yi: yana sanyaya, yana rage wa niyutron gudu, yana kare mai tsaye a sama. Ko famfo ba ya buƙata, mai zafi ya tashi sama, mai sanyi ya gangara.

Nan ɗalibar tawa ta maimaita tambayarta. Jagoran ya ce mata wannan ba ya ba da lantarki ko na ƙwan fitila ɗaya. Ƙarfinsa kimanin kilowat 30 ne na zafi, kwatankwacin dutsen guga 30 a kunne, alhali madatsar Akosombo tana iya ba da fiye da megawat 1,000. A tashar lantarki ta nukiliya, zafin ne ke tafasa ruwa, tururi ya juya injin. A duk Afirka guda ɗaya ce ke aiki, Koeberg kusa da Kef Tawun a Afirka ta Kudu, tun 1984, Masar kuma tana gina tata a El Dabaa. Gana ta zaɓi Nsuban a Yankin Yamma a matsayin wurin da take son ginawa, amma tafiyar da sauran nisa. Wanda ya sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na 2015, ya ga yadda teloli da masu walda na Nima suka wuni zaune da hannu a haɓa, zai gane dalilin da ya sa yarinyar ta ɗan yi shiru.

To me ake yi da riyaktan? Jagoran ya kai mu wani ɗaki ya miƙa mana 'yar robar da ba ta wuce babban yatsa ba. A ciki ake sa ɗan abin da ake son gwadawa, ƙasa, ko garin kifi, ko gashi, ko maganin gargajiya. Iska ce ke harba robar ta cikin bututu har gefen zuciyar riyaktan, niyutron su ratsa ta, a dawo da ita a ɗora gaban na'ura. Kowane sinadari yana da nasa irin hasken da yake fitarwa, da haka ake gane ko akwai sinadarai masu guba irin su makuri ko asenik, kuma nawa ne. Duk wanda ya ga launin kogin Pra ko Ankobra tun da galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya yi ƙamari ya san wannan gwaji ba wasa ba ne.

Ya kuma faɗa mana abin da ya faranta mini rai. A 2017 an cire tsohon man riyaktan, yuraniyom mai tacewar kashi 90, irin wanda duniya ke tsoron ya faɗa hannun masu haɗa bam, aka mayar da shi Sin, aka sa mai kashi 13. Gana ce ta fara yin haka da irin wannan riyakta a wajen Sin. Tagwayensa kuma yana Zariya, a Jami'ar Ahmadu Bello, tun 2004, shi ma an sauya masa mai a 2018. Da jin Zariya fuskar Kawu ta washe, can ne asalin kakanninmu.

Amma inda Kawu ya tsaya ya ƙi motsi shi ne ginin hasken gama, wani irin haske marar ganuwa mai ratsa abubuwa. Katanga ce ta kankare mai kaurin gaske, a bayanta akwai sinadarin kobalt 60 mai fitar da wannan haske. Ana shigar da kaya a haska su a fito da su: safar hannu da sirinji na asibiti don kashe ƙwayoyin cuta, masara da wake don kashe ƙwari, doya da albasa don hana su tsiro. Kawu ya matsa gaba ya ce, "Ranka ya daɗe, maimaita mini ta ƙarshen nan." Aka maimaita. Ya tambaya ko albasar za ta zama guba. Jagoran ya ce hasken wucewa yake yi, ba ya zama a cikin abinci, kamar yadda hoton ƙirji a asibiti ba ya barin komai a jikin mutum. Sai dai ya ƙara da cewa ba ya gyara wadda ta riga ta ruɓe, kuma dole a ajiye ta a busasshen wuri mai iska. Na san abin da Kawu ke tunawa. Na sha ganinsa da damina yana zazzage buhu, yana ware masu koren tsiro gefe, rabin ribar tafiya a ƙasa. Shekara arba'in yana wannan asarar, abin da zai rage ta yana nan nisan tiroto biyu daga gidansa.

A hanyar fita jagoran ya nuna mana makarantar digiri na biyu da na uku a kimiyyar nukiliya, wadda hukumar ke gudanarwa tare da Jami'ar Gana tun 2006. Ɗalibata ta tambaye shi me ake karantawa kafin a kai nan. Ya ce lissafi da fiziks da kemistiri, kuma kada ta bari kowa ya ce mata ba na mata ba ne. Ta rubuta a bayan littafinta.

Mun yi azahar a wani masallaci a Haatso, muka ci waakye, wato shinkafa da wake, a bakin hanya. Kawu bai ci da yawa ba. Ya karɓi biro a hannuna yana lissafi a bayan takardar izininmu, buhu nawa mota ke ɗauka, nawa ke tsirowa kafin a sayar. Da muka iso Nima ya ce, "Ɗana, ka rubuta musu wata takardar. Wannan karon da shugabannin 'yan albasa za mu koma." Na rubuta a daren, washegari ya zo da kansa ya sa hannu.