Godiya ga al'ummar Yolngu na Yirrkala

Assalamu alaikum. A madadin iyalan Hausawa mazauna Ostireliya da suka ziyarci cibiyar zane da al'adu ta Buku-Larrnggay Mulka da ke garin Yirrkala, a arewa maso gabashin yankin Arnhem Land da ke arewacin Ostireliya, muna miƙa godiya ga dattawan Yolngu ('yan asalin yankin), iyaye mata masu saƙa, da matasan da ke kula da ɗakin tarihi. Sun karɓi baƙi hannu bibbiyu, sun ajiye aikinsu sun amsa kowace tambaya ba tare da ƙosawa ba. Allah Ya saka da alheri.

Babbar godiyarmu ga masu zanen ɓawon itace, domin sun nuna aikin tun daga tushe. Ɓawon na wani irin itacen turare ne da suke kira gadayka, kuma da damina kaɗai ake ɓare shi, lokacin da ruwa ke gudana a jikin itacen. Da rani ɓawon yakan manne, in aka matsa sai ya tsage. Ana yanka shi sama da ƙasa, a zare shi a faifai ɗaya, a gasa a kan wuta har ya yi laushi, a kankare bayansa, sannan a shimfiɗa a danne da abu mai nauyi na kwanaki. Wanda ya yi gaggawar ɗauke nauyin zai tarar ɓawon ya naɗe kamar tabarma. Launukan daga ƙasa suke: ja, ruwan ɗorawa, farar ƙasa da baƙi, a niƙa a kan dutse a dama da ruwa da ɗan gam. In gam ya yi kaɗan launi ya riƙa zuba, in ya yi yawa ya yi ƙyalli ya ɓata aikin. Abin zanen kuwa, marwat, 'yan silin gashin mutum ne ɗaure a tsinke. Mai zane yakan kwantar da gashin ya ja layi siriri kamar zare, ɗaruruwa a jere, hannu ko rawa ba ya yi.

Kada mai ziyara ya ɗauka ado ne kawai. Kowane zane, miny'tji, mallakin wani dangi ne kuma shaidar ƙasarsu ce, ba a zana na wani sai da izini. Komai a wurinsu ya kasu gida biyu, Dhuwa da Yirritja, kuma haka alluna biyu na cocin Yirrkala suke, waɗanda dattawa suka zana a 1962 zuwa 1963, kowanne kusan mita 4. A 1963 ɗin ne kuma suka aika wa majalisar dokoki a Kanbera koke a kan ɓawon itace saboda haƙar ma'adinin boksait a ƙasarsu. Mun gode da aka bar yara suka tsaya gaban allunan nan aka yi musu bayani a natse.

Ga masu niyyar zuwa: akwai jirgi daga Darwin da Cairns zuwa filin jirgin Gove da ke kusa da garin Nhulunbuy, kuma Yirrkala ba ta kai kilomita 20 daga Nhulunbuy ba. Mai son bin hanyar mota sai ya nemi takardar izini daga Northern Land Council, hukumar filayen 'yan asalin yankin, tun kafin ya taso, ya kuma zo tsakanin Mayu da Oktoba, lokacin rani a can, domin da damina rafuka kan yanke hanya. Wuraren shaƙatawa na bakin teku suna da nasu izinin daga hukumar Dhimurru. A tambaya kafin a ɗauki hoton mutum. Ba a ambaton sunan wanda ya rasu kwanan nan, kuma in ana zaman makoki wasu ma'aikata ba za su fito ba, sai a yi haƙuri.

Wanda zai sayi zane ya saya a cibiyar, ya karɓi takardar da ke ɗauke da sunan mai aikin da danginsa, ta haka kuɗin ke isa hannun mai shi. Mai kai tsaraba gida Najeriya ko Nijar ya sani ɓawo yana motsi da yanayi, iskar hunturu na iya lanƙwasa shi. Kada a cire madogarin da aka ɗaura masa, kada a rataye shi a rana ko kusa da murhu, kada kuma a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Mun gode wa direbobi da matan da suka yi girki. Allah Ya bar zumunci, Ya ƙara wa dattawan Yirrkala lafiya.