Ruwan wanka ne ya kashe mini batiran sola a Jos

Duk wanda zai sa sola a garin Jos, idan mai haɗawa ya gama lissafinsa bai tambayi yadda ake dafa ruwan wanka a gidan ba, to ya riƙe kuɗinsa ya nemi wani. Da sauran zafi a raina nake faɗin haka, don batir biyu manya na rasa kafin su zagayo shekara, kuma har gobe idan na hango hitar nan ta tsomawa a bokiti rataye a shagon kayan wuta sai na ji raina ya sosu.

Tsadar mai ce ta fara kora ni. Bayan da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, janaretan da ke shan kusan lita 4 kowane dare ya zama abin da albashina ba zai iya ɗauka ba. Maganar ɗumamar yanayi kuwa babbar 'yata ce ta shigo da ita gidan daga makaranta. Ta ce, "Baba, ka san kowace lita ɗaya da injin nan ya ƙona, kilo 2.3 na iskar kabon yake saki?" Na ce mata litar fetur ɗin ma ba ta kai kilo ɗaya ba, ina za ta samo biyu da ɗoriya? Ashe kabon ɗin da ke cikin man ne yake haɗuwa da iskar da muke shaƙa lokacin ƙonewa, nauyin ya ƙaru. Ke nan gidana kaɗai yana tura kilo 9 sama kowane dare, don mu kalli labarai mu yi cajin waya.

Abin da iskar ke yi a can sama ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa barin mota a rana da gilasai a rufe: hasken rana yana shiga, zafin kuma ba ya samun hanyar fita yadda ya kamata. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na sararin samaniya, yanzu ta haura 420. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A Faris a 2015 ƙasashe suka amince a yi ƙoƙarin tsayar da ƙarin zafin a digiri 1.5, sannan a taron Gilasgo na 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato abin da take fitarwa ba zai wuce abin da ake shanyewa ba. Ni dai ba na yaudarar kaina. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, kuma abin da ɗan Najeriya ɗaya ke fitarwa a shekara bai kai tan ɗaya ba, alhali na Ba'amurke ya haura tan 10. Amma mu ne a bakin wutar. Tsofaffin unguwarmu suna cewa a da ba a san fanka a Jos ba, yanzu ga ta a kowane ɗaki. Waɗanda suka ga ambaliyar unguwar Rikkos ta Yulin 2012 kuma ba sa buƙatar a yi musu bayanin ruwa mai sauka lokaci guda, ko da yake gini a kan hanyar ruwa ma yana da nasa laifin a wannan.

Sai na haɗa kuɗin adashi da ɗan bashi, na kira mai sola. Ya zagaya gidan, ya ƙirga ƙwayayen fitila, ya duba talabijin da ƙaramin firiji, ya rubuta farantan sola huɗu, infata ɗaya (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida), batir biyu masu ruwa na 200Ah (ma'aunin cajin da batir ke ɗauka ke nan). Na tambaye shi me da me zai ɗauka. Ya ce, "Yallaɓai, wannan komai da komai zai ɗauka, ka manta da janareta." Ko leƙa banɗaki bai yi ba, ballantana ya ga hita a rataye a ƙusa.

Watannin farko lafiya lau. Dare shiru, babu ƙarar inji, babu warin mai.

Da hunturu ya kankama a Disamba abin ya fara. Wanda bai san Jos ba zai ɗauka ruwan zafi gata ne. Garin yana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kuma da asuba a watan Janairu ruwan tanki ba ya taɓuwa, ko alwala sai an surka. A da, idan babu wuta, uwargida gawayi take hurawa a kurfoti. Yanzu da soket ke da wuta dare da rana, kuma an ce komai zai ɗauka, sai yara suka koma tsoma hita a bokiti da ƙarfe biyar na asuba, ɗaya bayan ɗaya. Daidai lokacin da batir ya kwana yana aiki, rana kuma ba ta fito ba. Infata ta fara kuka da asuba, sannan ta fara ɗauke wuta ƙarfe biyu na dare, daga baya ko sha ɗaya ba ta kaiwa.

Wani maƙwabcina da ke koyar da aikin lantarki ne ya zaunar da ni da biro da takarda. Ɗumama bokiti mai lita 20 daga sanyin asuba zuwa yadda za a iya wanka yana cin kusan 0.7 na yunit ɗin wuta. Wannan wutar za ta kunna ƙwan fitila mai wat 9 sama da awa 70. Batir ɗaya na 200Ah kuwa yunit 2.4 yake ɗauka, kuma irin mai ruwan nan ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba farantan dalmar da ke ciki su lalace. Wato da batir biyu, duka abin da nake da shi na kashewa a dare yunit 2.4 ne, bokiti uku kawai sun kwashe 2.1. Ya ce, "Malam, ai batiran nan sun yi haƙuri da ku ma." Lissafin bai ɗauke shi minti biyar ba. Wanda na biya kuɗin aiki bai yi shi ba, kuma da na kira shi cewa ya yi garanti ba ya rufe hita. Hitar da bai taɓa ambata ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda muka koma. Batir ya mutu, fetur ba ya sayuwa, gas ma ya yi tashin gwauron zabo, sai buhun gawayi ya dawo tsakar gida. Gawayi kuwa sai an ƙona itace ninkin-ba-ninkin kafin a samu kilo ɗaya, don yawancin zafin a ramin ƙonawa yake tafiya. Duk motar gawayi da ka gani tana shigowa gari, bishiyoyi ne da suke shanye kabon aka mayar hayaƙi. Ga kuma matattun batira biyu a lungu, 'yan gwangwan suna ta zarya suna tayawa. Na ƙi sayar musu, don na ga yadda ake fasa su a zubar da ruwan asid a kwata. Wajen dillalin batir na mayar da su, ya rage mini kuɗin sababbi.

Maganin da ya yi aiki ya fi batir araha nesa ba kusa ba. Rana ta iya dafa ruwa da kanta, ba sai an mayar da ita lantarki an adana a batir an sake mayar da ita zafi ba. Mun fara da baƙaƙen jarkoki a kan dakalin da rana ke duka tun hantsi. Zuwa la'asar ruwan ya yi ɗumin wanka, sai muka mayar da wankan yara yamma. Daga baya na sa na'urar dafa ruwa ta rana a kan rufi, mai bututun gilashi da tanki mai riƙe zafi. Ruwan da ta dafa da rana yana kaiwa asuba da zafinsa, har sai an surka. Da mai solan nan ya ce mini in rage faranti ɗaya in sayi wannan tun farko, da batirana na nan da ransu.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Uwargida ta daɗe tana cewa waken Jos taurin kai gare shi, ashe tsayin garin ne: a nan ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, bai kai 100 ba, don haka girki ke jan lokaci. Jiƙa wake tun dare da tukunyar furesha sun sa silindar gas mai kilo 12.5 tana ƙara kwanaki sosai. Farantan sola kuma a hunturu ƙura take rufe su, sai an hau an goge da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. A Agusta, lokacin marka, rana takan yi kwanaki ba ta leƙo ba, caji ya ragu, ruwan rufi ma ya tsaya a ɗumi-ɗumi. A irin ranakun gas muke kunnawa, kuma janareta yana nan ban sayar ba, sai dai yakan yi makonni ba a taɓa igiyarsa ba. Guga da rana tsaka ake yi, lokacin da farantai ke ba da wuta kai tsaye.

Kaskon rushin Hajiya ne kaɗai na kasa. Na yi mata bayanin iskar gubar da garwashi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, wadda ba ta da wari kuma takan kashe mutum cikin barci. Ta ce, "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake jin ɗumi da shi." Iyakar abin da na samu shi ne a fitar da kaskon waje kafin ta kwanta, a ƙara mata bargo da robar ruwan zafi a ƙafa.

Da zan sa sababbin batira, wani mai haɗawa daban na kira, kuma ban bar shi ya taɓa waya ba sai da muka shiga kowane ɗaki har kicin da banɗaki, ya rubuta wat na kowane abu da lokacin da ake kunna shi, ya sa hannu a ƙasa. Ya raba layin gidan biyu, soket ɗin banɗaki da na kicin ba sa kan infata ko kaɗan. Hitar kuwa na yanke mata waya da almakashi, don na san halin yarana da sanyin asuba.