Asabar ta 9: giranda, ɗaukewar wuta, da teburin da ya ƙi ƙarewa

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Na yi wa uwargida alkawarin teburin gugarta zai kammala kafin wata ya mutu. Ga shi wata ya mutu, abin da ke hannuna ƙafafu huɗu ne da firam ɗin sama, su ma ba a haɗa su ba. Ga wanda bai san inda aka kwana ba: ranakun aiki ina ofis, ranar Asabar nake zuwa tsohuwar Panteka da ke Tudun Wada a nan Kaduna wajen wani dattijo mai walda, in dawo gida in gwada abin da na gani a gareji. Jinkirin wannan karon yana da dalili, kuma dalilin ne ya sa na zauna rubutu.

Asabar ɗin waccan, bayan azahar, ina yankan angul, ƙarfen nan mai kusurwa, da ƙaramar girandata, injin nan na hannu mai faifai. Makunninta irin wanda ake turawa gaba ya maƙale ne, ba sai ka riƙe shi da yatsa ba. Ina tsakiyar yanka aka ɗauke wuta. Na yi tsaki, na ajiye ta a kan benci, na shiga ciki shan ruwa. Ban kashe ba, ban zare filogi ba, don a raina injin da ba ya motsi ai a kashe yake. Kofin yana bakina na ji fanka ta fara juyawa, a lokaci guda kuma wata ƙara ta tashi daga gareji kamar ana jan kwano a kan siminti. Kafin in isa ta bi benci da gudu, ta faɗo ƙasa, ta datse wayarta da kanta, ta yi shiru. Faifan ya rabu uku. Biyu na tsinta a ƙasa. Na ukun sai da na duba sosai na gan shi a cake a jikin ƙofar katako, daidai tsayin ƙuguna. Ɗana mai shekara shida a bakin wannan ƙofar yake tsayawa kallona, ranar dai ya tafi Islamiyya. Na daɗe zaune a kan bokiti ina kallon ɓallin nan kafin in iya zare shi da filaya.

Da na ba da labari, kowa cewa yake tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma wannan sunansa sakaci, kuma nawa ne. Akwai sababbin injina da aka yi musu dabarar da ba sa tashi da kansu idan wuta ta dawo, sai ka kashe ka sake kunnawa, akwai kuma masu makunnin da kana sakinsa injin ke mutuwa. Tawa ba ta da ko ɗaya, kuma yawancin na hannu da muke saye a kasuwa haka suke. A garin da za a iya ɗauke wuta sau uku kafin la'asar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yanzu abin da na ɗora wa kaina: wuta na ɗaukewa, makunni, sannan filogi, sannan in ajiye. Filogin kuma a kan benci nake ɗora shi inda idona ke ganinsa. Na kuma ɗaure sifanar kwance faifai da igiya a jikin wayar, kusa da filogi, ta yadda ba za ta kai ga injin ba sai na zare shi daga soket. Dabara ce ta mai mantuwa, kuma tana yi mini aiki.

Wannan abu ne ya sa na fara karanta rubutun da ke jikin faifai, wanda a da ko kallo bai ishe ni ba. Girandata mai ɗaukar faifan milimita 115 ce, tana juyawa sau 11,000 a minti ɗaya. Na zauna da biro na lissafa: bakin faifan yana gudun kusan mita 66 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 240 a awa. Da mota ce, cikin awa guda ta kai Kano. Iyakar da aka rubuta a jikin irin wannan faifai mita 80 ce a daƙiƙa, shi ya sa za ka ga 13,300 a jikin na 115, amma a jikin babban nan na milimita 230 sai ka ga wajen 6,600 kawai. Matsalar ita ce ramin tsakiyarsu ɗaya ne, milimita 22.23, don haka babban faifai zai zauna daram a kan ƙaramar giranda muddin ka cire murfin kariya. Zai zauna, amma za ka juya shi sau 11,000 alhali an yi shi don 6,600, kuma ƙarfin da ke neman tarwatsa shi ya kusa ninkawa uku. Na sha ganin ana yin haka don a sami zurfin yanka. Ni dai ko tsayawa kusa na daina.

Wani abin da ban taɓa sani ba: faifan yanka yana da ranar lalacewa kamar magani. Ku duba zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa, za ku ga wata da shekara a buge, galibi shekara 3 daga lokacin da aka yi shi, domin ƙaron da ya riƙe yashin yana rauni, musamman idan ya sha laima. Na duba guda biyar da na saya a sari saboda araha, biyu sun wuce lokacinsu, ɗaya ma babu komai a jikinsa. Araha ba ta ado. Na karya su kafin in zubar, kada wani yaro ya tsinta ya kai kasuwa. Sannan siririn faifai mai kaurin milimita 1 na yanka ne kawai, a tsaye. Mai kaurin milimita 6 shi ne na guga, ana ɗan kwantar da shi. Da nakan gama yanka in goge bakin ƙarfen da gefen siririn don ƙyuyar canjawa, ashe haka ake fasa shi. Sabon faifai kuma idan na ɗaura, nakan bar shi ya yi gudu kamar minti ɗaya ba tare da ya taɓa komai ba, na kawar da jikina daga saitinsa.

Maganar murfin nan na kai ta gaban maigidana, domin duk girandojin shagonsa uku babu mai murfi, babu mai mariƙin gefe.

Na ce, "Baba, me ya sa ake cire shi?"

Ya ce, "Malam, tare gani yake yi, kuma ba ya barin faifai ya shiga lungu."

Sai ya yi shiru, ya naɗe hannun rigarsa na hagu. Tabo ne daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, da alamun ɗinki jere kamar na buhu. Ya sauke rigar ya ce, "Kai dai ka bar naka a jiki." Bai mayar da nasa ba, ni kuma ban isa in ce masa ya mayar ba. Abin da na ɗauka dai shi ne, hannun da ya shekara talatin yana riƙe injin ya san lokacin da faifai zai cije tun kafin ya cije, ni ban sani ba, kuma shi ɗin ma da ya sani ga abin da ya samu. Zan kwaikwayi yadda yake tsayar da ƙafa da yadda yake barin nauyin injin ya yi yankan ba tare da dannawa ba. Cire murfi kuwa na bar masa. Haka zancen ɗaura wa giranda faifan zarto mai haƙora don yanka katako, wanda wasu kafintoci ke yi. Haƙori ɗaya ya kama ƙulli ko ƙusa, injin a jikinka zai dawo.

Ido kuma, tabarau na walda mai duhu ba na guga ba ne, ba ka ganin layinka, sai ka ɗaga shi, a nan ne tartsatsi ke samunka. Na sayi fari mai rufe gefe, da alamar EN 166 a jikinsa, wasu kuma Z87 za ka gani. In ƙarfe ya faɗa ido, a bar zancen tsinken ashana da lasa da harshe da mayen ƙarfe. A wanke da ruwa mai tsabta, kar a murtsuke, in bai fita ba a rufe a tafi asibiti a ranar, domin ƙarfe yana fara tsatsa a cikin ido cikin 'yan awoyi, sai an kankare. Mu da muke da Cibiyar Ido ta Ƙasa a cikin garinmu ba mu da hujjar kwana da shi. Kunne ma na fara toshewa. Ma'aunin da ake bi shi ne ƙara mai ƙarfin desibel 85 awa 8, duk ƙarin 3 kuma lokacin ya ragu rabi, a 100 ya zama minti 15 ke nan, kuma giranda a kan ƙarfe tana kai wa nan. Ku lura da yadda tsofaffin masu walda ke magana da ihu ko a masallaci.

Injin huda bai ba ni wahala kamar haka ba, sai abu ɗaya. Ina huda ramukan milimita 8 a wani ɗan fallen ƙarfe na riƙe shi da hannu, bakin yana ɓullawa ƙasa ya cafke fallen ya juya shi kamar farfela, ya daki babban yatsana. Farce ya yi baƙi, shi ke nan. Yanzu sai na matse ƙarfe a jikin benci, in buga masa alama da ƙusa, in fara da baki na milimita 4, a hankali, da ɗigon baƙin mai, in sassauta hannu idan ya kusa ɓullawa. Safar hannu ba na sa ta wajen huda, abin da ke juyawa yana kama ƙyalle ya ja yatsa. Kaftani ma na daina aiki da shi, duk da dariyar da yaran shago ke yi wa tsohuwar rigar ƙwallon da nake zuwa da ita.

Wayar da girandar ta datse ban naɗe ta da leda ba, na sa an canja ta gaba ɗaya tun daga cikin injin, da filogi mai ƙafa uku mai fis. Cusa tsirarar waya a soket a tokare da ashana, wanda ni ma na yi a baya, na tuba. Wutarmu bolt 230 ce, ga damina, ƙasan garejina kuma yana tsatsafo. Na yi magana da mai gyaran wuta zai sa mini na'urar nan mai katse wuta da zarar ta fara zurarewa, mai lamba 30mA, a layin garejin. Jarkar fetur ɗin janareta ma na fitar da ita bayan gida, don na lura tartsatsin yana kai wa har inda take, taku biyar daga benci.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan ɗauki ƙafafun da firam a Keke Napep zuwa Panteka a haɗa, Baba ya ce zai bar ni in ɗiga walda biyu da hannuna. Saura katakon sama, kuma ban taɓa riƙe zarton lantarki ba. Wanda ya fara aiki da shi a cikinku ya gaya mini yadda yake tallafe dogon katako kada ya matse faifan a ƙarshen yanka. Uwargida dai har yanzu a kan tabarma take guga, kuma ta daina tambaya.